Toggl Track: Tankifan da Ba Ya Gyangyaɗi

Akwai wani ɗan maɓalli mai launin ruwan hoda a saman allon kwamfutata, zagayayye, madaidaici, marar hayaniya, kuma ina son sa so na tsakani da Allah. Shi nake fara dannawa da safe kafin in buɗe kowane fayil, shi ne kuma na ƙarshe da nake taɓawa kafin in rufe kwamfuta da dare. Ku da kuka riga kuka ɗanɗana kun san wanda nake nufi. Maɓallin Toggl Track ne, manhajar da ke ƙirga mini kowace awa da kowane minti da na zuba a kan kowane aiki, ta ajiye mini su tsaf, ta jera, ta yi musu kala, ta miƙo mini a ƙarshen mako ba tare da ta ƙara ko ta rage daƙiƙa ɗaya ba. Kai, madalla da wannan abu!

Sana'ata fassara ce da gyaran rubutu, wani lokaci da rubutun nan na ƙasan fim. Irin aikin da ba a ganin guminsa, domin ba bulo kake ɗorawa ba balle a zo a ƙirga layi. A gona an daɗe da warware wannan matsala: ko dai a yi jinga, a ce daga nan zuwa waccan kuka nawa za ka nome, ko kuma a ɗauke ka aikin yini, rana ta zama shaida. Mu masu zama gaban allo mun gaji duka biyun, amma ba mu da kuka, ba mu da rana. Kwastoma ya turo shafi talatin ya ce nawa, kai kuma ka dubi sama ka dubi ƙasa ka yanki wani kuɗi da ka ji ya yi maka daɗi a baki. Ko kuma ya ce zai biya da awa, ranar Juma'a ta zo ka zauna kana lalube a ƙwaƙwalwa: ranar Talata nan, bayan la'asar na fara ko kafin? Na gwada littafin rubutu. Na gwada Excel, da layuka da ginshiƙai da lissafin da ke tara kansa. Duk suna aiki in ka tuna ka cike su a kan kari, amma wa yake tunawa a tsakiyar jimla mai wuya? Abin da ke shiga takardar a ƙarshe ƙiyasi ne da aka sa wa rigar lissafi, kuma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba.

Ranar da na fara buɗe Toggl abin da ya kama ni shi ne rashin tarkace. Layi ɗaya ne dogo a sama yana tambayar me kake yi, sai maɓallin a gefensa. Ka rubuta, ka danna, agogo ya fara tafiya. Ka gama, ka danna, ya tsaya. Sunan ma daga nan ya samo asali, daga kalmar Ingilishi ta makunnin nan da ake turawa nan ya kunna, a tura can ya kashe. Ba fom mai shafi uku, ba sai ka nemi izinin kowa ba, ba ma dole sai ka rubuta komai kafin ka fara ba. Kana iya sakin agogon ya yi ta gudu, daga baya ka dawo ka sa masa suna. Wanda ya tsara wannan ya san halin mai aiki, ya san cewa idan ƙirga lokaci ya zama wani aikin na daban, to ranar uku za a watsar da shi.

Sannan ga 'yan dabarun nan da ke sa mutum murmushi shi kaɗai. Kana cikin rubuta bayanin aikin sai ka buga alamar @, nan take jerin firojet ɗinka ya zubo, ka zaɓa. Ka buga #, tag-tag ɗinka su fito. Hannunka bai bar kibod ba, ba ka nemi linzami ba, tunaninka bai katse ba. A shafinsu na burauza harafin N yana buɗe sabon ƙirge, S yana tsayarwa, C yana ci gaba da na baya. Wannan C ɗin, jama'a! Ka dawo daga cin abinci, harafi ɗaya tak, ka koma daidai inda ka tsaya, da sunan aikin da firojet ɗinsa da komai. In kuwa ka yi aiki nesa da na'ura, ka ce ka zauna da marubuci awa guda da rabi kuna duba rubutu a takarda, sai ka juya zuwa shigarwa da hannu ka rubuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Shi ke nan.

Amma inda ƙaunar ta yi jijiya shi ne tsarin da take bi wajen jera ayyuka, kuma a nan zan ɗan zauna, domin nan ne mutane da yawa suke wucewa da gudu su rasa rabin daɗin. Matakai ne kamar na gida: kwastoma a sama, a ƙarƙashinsa firojet, a ƙarƙashin firojet ƙananan ayyuka. Ɗauki misalin littafi da aka ba ni in fassara. Mai littafin shi ne kwastoma. Littafin shi ne firojet. Ƙananan ayyukan kuwa su ne karatun farko, binciken kalmomi, fassarar kanta, bita, sai gyaran da ke biyo bayan mai littafi ya duba. Kowane minti da na kashe yana da ɗakin da zai shiga ya kwanta. Tag kuma shi ne mai ratsa katanga: na sa wa wani ƙirge tag ɗin "waya", ko na wane kwastoma ne, kuma a ƙarshen wata in tambayi manhajar awa nawa na yi ina magana a waya gaba ɗaya, ta ba ni amsa kafin in ƙifta ido. Kowane firojet da kalarsa, kai za ka zaɓa. Nawa na fassara shuɗi ne, na gyaran rubutu ruwan goro, na fim ja, na harkokin da ba kuɗi a ciki toka-toka. Bayan 'yan makonni ba ka ma buƙatar karanta suna. Ka kalli mako ka ga ya yi shuɗi shar, ka san an yi aikin kirki, ka ga toka-toka ta yi yawa, ka san akwai magana.

To, sai rahoto. Allah ya sani, ranar da na buɗe rahoton makona na farko ba zan manta da ita ba. Ginshiƙai ne a tsaye, kowace rana da nata tsawon, a ƙasa kuma wani zobe da aka yayyanka gwargwadon rabon kowane firojet, mai tsabta, mai kyan gani, mai saurin fahimta, wanda ko ba ka taɓa son lissafi ba sai ka tsaya ka ƙura masa ido. Abin da ya gaya mini kuwa ya girgiza ni. Wani aikin gyara da na rantse a raina awa uku yake ci, ashe yana haura shida. Bita, wadda ban taɓa sa ta a lissafin farashi ba don ina ganin ai ɗan dubawa ne, ashe tana cin kusan sulusin lokacin fassarar. Saƙonni da kiran waya da "ɗan canza mini wannan kalmar" sun taru sun zama yini guda cur. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa shekaru na yi ina yanka farashi a cikin duhun nan.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma wannan ya sanyaya mini rai. Tun 1979 masanan halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana wannan ɗabi'a: mutum yana raina lokacin da aikinsa zai ci, ko da kuwa ya sha yin irinsa a baya ya ga yadda ya ja. Maganin da suka nuna shi ne a daina dogara da yadda abin yake a zuci, a koma ga tarihin ayyukan da suka gabata masu kama da shi. To ina talaka mai kwamfuta ɗaya zai samo wannan tarihi? Ga shi nan a Toggl. Yanzu idan aka turo mini shafi talatin, ba na duban sama. Ina tace rahoto in ciro ayyuka uku ko huɗu irinsa da na yi a baya, in ga awa nawa suka ci, in yi farashi a kan wannan. Idan aka nemi ragi, ina da abin nunawa. Akwai ranar da na fitar da rahoto dalla-dalla a PDF, kowane zama da ranarsa da lokacinsa da abin da aka yi a cikinsa, na haɗa da takardar neman biya na tura. Mutumin da na saba yin ciniki da shi kamar a bakin kasuwa bai ce uffan ba, sai ga alat. Daga baya ya ce mini bai taɓa sanin bita aiki ce haka ba. Gani ya kori ji.

Kuma ma'aunin nan kaifi biyu gare shi, abin da ya ƙara mini girmama shi ke nan. Kamar yadda ya nuna mini inda nake cutar kaina, haka ya nuna mini inda da na cuci wani ba da sani ba. Akwai aikin da na ji ya gajiyar da ni ƙwarai, da ƙiyasi ne da na rubuta awa biyar hankalina kwance. Agogo ya ce uku da minti arba'in. Uku da arba'in na rubuta. Mu da aka rene mu da jin cewa tauye mudu ba ƙaramin abu ba ne, mun san nauyin haƙƙi, kuma awa ita ce mudun mai aikin ƙwaƙwalwa. Samun mudu mai gaskiya, wanda ba ya karkata wajenka ba ya karkata wajen mai biya, ni a wurina ya wuce batun tsara aiki. Barci ne mai daɗi.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi ƙauna duka, wato yadda manhajar kwamfuta take gane ka tashi. Kana cikin aiki aka yi sallama a ƙofa, ko aka kira azahar, ko yaro ya shigo da kuka, ka miƙe ka bar agogo yana gudu. Ka dawo bayan rabin awa. Sai ka tarar da ɗan saƙo yana jiranka cikin ladabi: ka yi minti kaza ba ka taɓa komai ba, a zubar da su ne ko a bar su? Danna ɗaya, mintunan sun fita daga lissafin kwastoma, agogo ya ci gaba. Ba faɗa, ba tuhuma, tambaya ce kawai, kuma kai ne mai hukunci, domin wataƙila ba tashi ka yi ba, ƙamus ka buɗe a cinya kana neman kalma, wannan kuwa aiki ne. Duk wanda ke aiki a gida irin namu, inda baƙo ba ya aiko da sanarwa kuma gaisuwa ba a yi mata gaggawa, ya san darajar wannan. Sau nawa ta cece ni a rana? Ban ƙirga ba. Ita ce mai ƙirga.

Tana da kishiyar wannan ma: idan ta ga kana ta aiki agogo a kashe, sai ta ɗan taɓo ka ta tuna maka, a cikin ranaku da awannin da kai ka zaɓa. Idan kuma ka bar agogo ya kwana yana gudu, saƙon imel zai zo ya ce anya kuwa, ka je ka gyara lokacin tsayawa da hannu. Abu ne na minti ɗaya.

Batun wuta da netwok fa? Wannan ai shi ne jarrabawar kowace manhaja a wajenmu. An ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya yi ja, sai in ɗauki waya, in tarar agogon da na kunna a kwamfuta yana nan yana tafiya a cikinta, in tsayar da shi daga nan ko in ci gaba da karatun a waya. Netwok ya ɓace, manhajar waya da ta kwamfuta suna ci gaba da ƙirge abinsu, sabis na dawowa su haɗa kai su daidaita. Mutanen da suka gina ta suna zaune a ƙasar da intanet yake kamar iska, amma sun yi ta kamar sun san mu.

Su wane ne ma? 'Yan Estoniya ne, wata 'yar ƙasa a bakin tekun Baltik mai mutane wajen miliyan 1.3, wadda duk da ƙanƙantarta a can aka ƙera Skype, daga can kuma Bolt ya fito, wanda da yawanmu mun hau motarsa. A babban birninsu Tallinn, a 2006, Alari Aho da Krister Haav suka yi Toggl, kuma asalinta ba don sayarwa ba ne. Kamfanin rubuta manhaja gare su, suna buƙatar sanin awa nawa suka yi wa kowane kwastoma, suka ƙera wa kansu abin awo. Shi ya sa take da ɗanɗanon abin da mai shi ya dafa don cikinsa. A 2020 aka ƙara mata suna ta zama Toggl Track, domin a bambanta ta da 'yan uwanta Toggl Plan da Toggl Hire, a lokacin ne kuma tsohon jan maɓallin nan ya koma ruwan hoda. Na san akwai tsofaffin masoya da har yau suke kewar jan. Ni hodar ta yi mini.

Idan na kalle ta nakan tuna cewa sana'ar ƙirga lokacin ma'aikaci tsohuwa ce. Kakanninmu da suka yi aikin kuza a Jos da aikin reluwe sun san tankifa, mutumin da ke riƙe da littafi yana rubuta wanda ya zo da wanda ya makara. A Amurka wani mai gyaran agogo da kayan ado, Willard Bundy, ya ƙirƙiro agogon shiga aiki a 1888, kuma kamfanin da ya tsiro daga nan yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911 suka zama abin da daga 1924 ake kira IBM. Lauyoyin can kuma suka raba awa gida goma, minti shida-shida, suna cajin masu ƙara da shi har gobe. Amma ku lura, tankifa da agogon Bundy na mai gida ne, an kafa su ne su sa ido a kan lebura. Abin da ya burge ni da Toggl shi ne ta ɗauki littafin ta damƙa wa leburan a hannunsa.

Wannan ba daɗin baki ba ne, manufa ce da kamfanin ya fito fili ya bayyana: ba ya ɗaukar hoton allonka, ba ya ƙirga bugun kibod ɗinka, ba ya bin motsin linzaminka don kai rahoto wurin shugaba. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin irin manhajojin nan da ke ɗaukar hoton allo kowane 'yan mintuna ya san yadda ƙirji yake ɗaurewa, yadda mutum yake jin tsoron tsayawa ya yi tunani don kada a ce ya yi zaman banza. Alhali rabin fassara tunani ne, hannu a ƙasa, ido a rufe! A Toggl akwai wani sashe da ke iya rubuta manhajoji da shafukan da ka buɗe fiye da daƙiƙa 10, amma sai ka kunna shi da kanka, kuma kai kaɗai ke ganinsa. Amfaninsa shi ne ranar da ka manta ba ka danna komai ba, ka koma ka ga sawunka: nan ka yi awa guda a Word, nan ka shiga ƙamus, sai ka cike giɓin da gaskiya. An yarda da kai, kuma yardar ce ke sa ka ji kunyar yin ha'inci.

Sauran kayan daɗin zan ambata a gurguje. Akwai ɗan ƙarin da ake liƙa wa Chrome ko Firefox, wanda ke dasa maɓallin a cikin manhajoji fiye da 100, su Trello da Asana da Jira da Gmail da Google Docs, ka danna daga cikin katin aikin ya kwashi sunan da kansa. Akwai kallon kalanda, inda ranarka take bayyana kamar gini, tubali a kan tubali, kuma idan ka haɗa ta da kalandar Google ko Outlook sai mitin ɗinka su fito a gefe, ka mayar da su ƙirge. Akwai kuma Pomodoro, dabarar nan ta Francesco Cirillo ɗan Italiya, wanda a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa amfani da agogon kicin mai siffar tumatir: minti 25 na aiki ba waiwaye, sai ɗan hutu. Ranar da kasala ta kama ni ita nake kunnawa. Minti 25 ai ba ya gagarar kowa.

Ina da ƙorafi? Ina da shi, ƙorafin masoyi. Tsarin kyauta yana da karamci ƙwarai, yana ɗaukar mutum har 5, da agogo da firojet da tag da rahoto. Amma ƙananan ayyukan nan na ƙarƙashin firojet da na gama yabo, da sa kuɗin awa don manhajar ta lissafa maka abin da ka samu, da kintacen awannin firojet, da cike mintuna zuwa adadi mai zagaye, duk suna bayan ƙofar biya. Biyan kuma da dala ne, kan kowane mutum, kowane wata. Mai samun naira ko sefa ya san abin da wannan yake nufi. Da ma a ce akwai farashi na daban ga ƙasashe irin namu! Kafin nan, ga dabarar da na daɗe ina yi a tsarin kyauta: ka mayar da tag ya zama ƙaramin aiki, "bita", "bincike", "gyara", sai ka tace rahoto da firojet da tag a tare. Yana ba ka kusan abu ɗaya. Ƙorafi na biyu, ba ta jin Hausa. Ina mafarkin ranar da zan buɗe ta in ga an rubuta "Me kake yi yanzu?" a dogon layin nan. Bayanin aiki dai da Hausa nake rubuta shi, da ƙ da ɗ da ɓ, kuma tana karɓa ba gardama.

Na san mutanen Clockify suna nan suna jira su ce tasu ta fi araha, kuma ba ƙarya suka yi ba, manhaja ce mai kyau da ta fito a 2017 ta ja jama'a da yawan abin da take bayarwa kyauta. Mutanen Harvest kuma, wadda ita ma 'yar 2006 ce daga New York, za su ce wajen haɗa takardar neman biya ba a kama ƙafarta. Na ji, na kuma gwada su. Amma hannuna ya san inda yake komawa. Akwai wani sauƙi, wani santsi, wata nutsuwa a Toggl da ban samu a wani wuri ba, kamar takalmin da ya saba da ƙafa. Ɓangaranci ne? Ƙwarai kuwa.

Da aiki ya ɗan buɗe muka zama mu huɗu, sai na ga wata fuskar tata. Kowa yana danna nasa agogon a kan firojet ɗaya, ni kuma in buɗe rahoto in ga jimilla, in ga kuma rabon kowa. Rabon kuɗi ya daina zama abin jin nauyi, domin takarda ce ke magana. Wata rana na lura ƙaramar cikinmu tana kashe lokaci mai yawa a kan daidaita rubutun fim da murya. Da ba don rahoton ba da ban sani ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Na ce mata, "Ƙanwata, zo mu zauna mu duba tare." Ashe da linzami take jan kowane layi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa nuna mata gajerun hanyoyin kibod. Zama ɗaya muka yi. Mako biyu bayan nan ita da kanta ta turo mini hoton ginshiƙanta ta ce, "Yaya, duba ka gani!" Manyan kamfanoni suna da nasu a tsarin da ya fi tsada, inda ma'aikaci zai miƙa takardar awanninsa ta mako shugaba ya amince, a kuma kulle ranakun da suka wuce kada a taɓa su. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma na ji daɗi da na ga akwai wurin girma.

Muhawarar da ba mu gama ba a tsakaninmu ita ce ta lokacin tunani. Idan jimla ta ƙi ni a tebur, na fita tsakar gida ina zagaye, ta zo mini a can, na kwastoma ne wannan minti goman ko nawa? Ni na tsaya a kan cewa nasa ne, muddin jimlarsa ce a kaina, don haka nake barin agogo ya tafi in sa masa tag ɗin "nazari" yadda zai gani a fili. Abokin aikina ya ce shi sai yatsa na kan kibod yake ƙirgawa. Ku da kuke amfani da ita, na tabbata kun rabu gida biyu a kan wannan.

Kwanan baya na buɗe wani firojet da ba shi da kwastoma, ba shi da kuɗin awa, na ba shi kore, kalar da na daɗe ina ɓoyo ban ba kowa ba. Na sa masa suna "Karatu", don littattafan da nake karantawa saboda kaina, ba don an biya ni ba. Makon farko da ƙyar na hango shi a zoben, ɗan siririn layi kamar zare, minti arba'in a kwana bakwai, ni da nake cewa kullum ina karatu. Yanzu bayan isha nakan ɗauki littafi, in ɗauki waya in danna maɓallin, in kife ta a gefe. Ranar Juma'ar da ta wuce koren ya kai awa huɗu da 'yan mintuna, ya zauna daram tsakanin shuɗi da ruwan goro, har ya ɗan ture toka-tokar gefe.